Abin da Hannun Yaya Ya Faɗa

Yayata ta girme ni da shekara uku, ko huɗu, don innarmu ba ta taɓa tsayawa kan magana ɗaya ba game da haka. Sanƙarau ne ya ɗauke mata ji tana ƴar ƙarama, wata bazara da ya shigo ƙauyenmu a ƙasar Mayahi. Ni ban san ta da ji ba. Na buɗe ido na tarar ana nuna mata abu da hannu, ni ma na kama nunawa, har ya zamana duk gidan babu mai gane ta kamar ni. In ta taɓa haɓa, namiji take nufi. In ta kama gindin kunne, mace. In ta shafa tafin hannu kamar mai ƙunshi, aure ke nan. Sauran kuwa mu biyu muka ƙago abinmu kaɗan-kaɗan, wajen daka da hanyar rijiya.

An sa ni lakwal, makarantar boko, ita ba a sa ta ba. Na yi aji shida na tsaya, aka yi mini aure cikin gari. Da iyayenmu suka rasu ta dawo gidana, maigidana ya sa aka yi mata ɗaki kusa da nawa. Tun daga nan ni ce bakinta. In za ta gidan likita ni ke gaba, in za a yi ciniki ni ke yi, in an yi rasuwa ni ke gaida mutane a madadinta. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Akwai kuma wani aiki da matan gari suka ɗora mata ba tare da an taɓa zama an shirya ba: duk amaryar da za a kai, Yaya ce ke daka mata haɗin gyaran jiki, kanumfari da citta da aya da wasu saiwoyi da tsofaffi ke kawowa a ƙulle. Sun ce dakanta ya fi laushi, kuma ba ta kai zance waje. A gabanta suke zaunar da amarya su gaya mata abin da ke tsakanin mace da miji, suna dariya suna dukan cinya, ita tana daka a gefe. Ba wadda ta taɓa rage murya ko ta juya baya saboda ita.

Bayan kaka, shekara biyu ke nan, wata yarinya ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar maigari da jaka a baya. Na ce yarinya, amma ta kai talatin. Ɗiyar malamin da ya koya mana karatu a lakwal ce, wanda muke ce wa mushe, ya koma Tasawa da zama tun da daɗewa, ita kuma ta yi karatu a Yamai ta koyi aikin fim. Ubanta ne ya ba ta labarin Yaya. Ta ce tana son ta yi fim a kanta. Na ce ba zan amsa ba sai na yi shawara. Na tambayi maigidana, na tambayi maigari, na tambayi malamin unguwarmu ko ɗaukar hoton mace haramun ne. Na koma wajen malam washegari don ban tabbata na faɗa masa komai daidai ba. Ya ce in dai da sutura kuma ta yarda, in bar shi ya huta. Yaya kuwa da na nuna mata, kafin in gama ta gyaɗa kai.

Abin da yarinyar ta riƙa yi bai yi kama da fim ɗin da muke gani a waya ba. Babu waƙa, babu rawa, babu wanda aka ba magana ya haddace. Sai ta kafa kamara ta ɗauki bango har rana ta matsa. Ta ɗauki ƙeyar Yaya. Ta ɗauki ƙafarta a ƙasa lokacin da amalanke ke wucewa, don ta lura cewa da tafin ƙafa Yaya ke sanin wucewar abu mai nauyi. Wata rana ta ɗaure abin ɗaukar murya a gindin turmi, ta sa mini wani abu a kunnuwa. Ban ji komai ba sai dum, dum, can ƙasa, kamar an nutsa kaina cikin randa. Na cire da sauri.

Mata a bakin rijiya ba su bar yarinyar ta sha ruwa ba. Wata ta ce, “Ke ɗiyar mushe, ina jarumin fim ɗin? Ko turmin ne?” Wata tsohuwa ta yage baki ta ce a ɗauke ta ita, tana da haƙorin Makka, ba a banza ta sa shi ba. Yarinyar ta yi dariya ta ce, “Inna, naki fim ɗin daban ne, sai na samo kamara babba.” Ni dai ban yi dariya ba, ina ta lissafin abin da za su ce in ta tafi.

Rana ta biyar ta miƙa wa Yaya kamarar, ta nuna mata inda ake dannawa. Muka bi ta a baya har rijiya. Yaya ba ta ɗauki fuskar kowa ba, bakuna kawai ta riƙa ɗauka, wannan bayan wannan, suna buɗewa suna rufewa. Daga nan ta juya wajen wani magidanci da ke jan guga don shanunsa. Ta tsaya kan damtsensa, inda zufa ke gangarowa, ta daɗe ba ta kawar ba. Na ji kunya ta rufe ni. Na ja mata zani daga baya, ta buge hannuna ba tare da ta waiwayo ba. Yarinyar ta gani.

Ana saura kwana biyu ta tafi aka kawo wa Yaya dakan wata amarya. Muna tsakar gida da hantsi, mu uku. Yarinyar ta kafa kamara ta ce, “Tanti, ki tambaye ta amare nawa ta yi wa wannan daka.” Na tambaya. Yaya ta ɗebi ƙasa ta watsar, ma'ana ba su ƙirguwa. Yarinyar ta ce, “To ita fa?” Na yi kamar ban ji ba. Ta sake faɗa. Na shafa tafin hannuna, na nuna Yaya.

Ta jingine taɓarya a bango, ta goge hannu da zani, ta fuskanci kamarar, ba ni ba. Ban taɓa ganin ta yi magana mai tsawo haka ba. Ta ce ita mace ce, ta nuna ƙirjinta da mararta. Ta ce har yanzu tana ganin jininta duk wata. Ta ce duk abin da tsofaffi ke gaya wa amare ta gane shi daga idanunsu da yadda suke dukan cinya, kuma jikinta na yin zafi kamar na kowace mace, amma suna zama gabanta kamar gaban tukunya. Ta ce tana ɗanɗana haɗin kafin ta miƙa, ta koma ɗaki ita kaɗai. Sannan ta taɓa haɓa, ta yi kamar mai saukowa da igiya cikin rami. Wannan sunan mutum ɗaya ne a wurinmu. Ta ce ya ci ƙulinta rani guda, ya koyi maganarta, ya sa ta dariya, ya tafi bai nemi aurenta ba, saboda ita kurma ce.

Yarinyar ta dube ni tana jira. Na ce, “Ta ce ta gode Allah. Ta ce duk amaren nan ɗiyanta ne.”

“Duk tsawon nan, shi ke nan, Tanti?”

“Haka maganarsu take, tana da tsawo a hannu.”

Dole in faɗi ko wane ne mutumin. Shekara goma sha biyar kafin nan, ƙila sha shida, bakin babbar rijiyarmu ya rufta, aka ɗauko wani mai haƙar rijiya daga wajen Tchaké. Matarsa ta rasu, ba shi da surutu. Ya yi rani guda a garin. Kullum da la'asar sai ya zo sayen ƙuli, ya zauna kan kututture a ƙofar gida, Yaya na nuna masa sunayen abubuwa yana kwaikwayo, in ya yi kuskure ta tuntsire da dariya. Da aiki ya kusa ƙarewa ya tafi wajen baffanmu da goro cikin ganye. Baffa ya ce shi bai iya maganarta ba, a kai wa ƙanwarta ta tambaye ta, abin da ta ce shi ke nan. Haka goron ya zo hannuna.

Kwana uku yana ɗakina ƙarƙashin tasa. Na yi ta tunani. In ta haihu jariri ya yi kuka tana barci, wa zai tashe ta? In danginsa suka zage ta tana yi musu murmushi fa? In ciwo ya kama ta a garin da ba mai gane hannunta? In shi kansa ya gaji ya sako ta, ta dawo da abin da ya fi na da ciwo? Kuma mai haƙar rijiya, yau yana nan gobe ƙasa ta rufe shi. Ban iya ƙarya kai tsaye ba, tsoron Allah ba zai bar ni ba. Sai na sami Yaya tana tuyar ƙuli, na tambaye ta da hannu: kina son ki tafi gari mai nisa, ki bar ni, ki bar gidan nan? Ban taɓa haɓa ba, ban shafa tafin hannu ba. Ta zaro ido ta girgiza kai da ƙarfi, har ta riƙe mini hannu. Na mayar wa baffa goron na ce na tambaye ta, ta ce a'a. Mutumin ya gama zuba siminti ya tafi bai yi mana sallama ba. Shekarun nan duka ina gaya wa kaina ai na tambaya, ai ta amsa. Ban san abin da ta ɗauka game da tafiyarsa ba sai ranar nan a gaban kamara.

Yarinyar ta koma. Wata biyar ba labari, na fara cewa ƙila abin ya lalace mata, na kuma ji kunyar kaina da nake fatan haka. Ina cin abinci ba na jin daɗinsa. Ƙarya biyu ke nan yanzu, ta biyun ma ba ta da inda zan ɓuya a cikinta. Sai ga kiranta a wayar maigidana, ta ce mu zo Tasawa mu gani kafin kowa ya gani.

Muka shiga motar kasuwa da sassafe. A gidan mushe aka shigar da mu wani ɗaki, an ajiye ordinater, wato kwamfuta, kan tebur. Akwai wata mata zaune, za ta yi sa'ata, da tabarau da zaren ɗinki manne a rigarta. Yarinyar ta ce tela ce a nan Tasawa, ita ma kurma ce, amma an kai ta makarantar kurame a birni tana ƙarama, tana karatu tana rubutu da Faransanci.

Fim ɗin bai kai awa ba, amma ya gajiyar da ni kamar na yini a gona. Bango, ƙeya, ƙafa, da wannan dum, dum ɗin. Da bakunan matan rijiya suka fito, manya-manya, babu murya, Yaya ta yi dariya har da hawaye, tana nuna wa telar na mai haƙorin Makka. Da damtsen mutumin ya fito na sunkuyar da kai. Sai ga Yaya ta jingine taɓarya. An bar hannuwanta suna magana daga farko har ƙarshe, ba a sa muryata ba, ba a rubuta komai a ƙasa ba. Nan fim ɗin ya ƙare.

Yarinyar ta matso kusa da ni ta rage murya, ko da yake daga ni sai ita ke ji a ɗakin. Ta ce ta nuna wa telar wurin nan ya fi sau ashirin, don hannun Yaya na gida ne, ba irin na makaranta ba. Telar ba ta gane duka ba, amma abin da ta gane ta rubuta. Ta miƙo mini takarda. Faransancina na aji shida ne, amma ya isa. Mace. Jiki. Zafi. Namiji, rijiya. Ya tafi.

“Tanti, ban kira ki don in kunyata ki ba. Na san kunya ce ta sa. Amma ba zan rubuta abin da ba ta faɗa ba.”

Na ce in aka rubuta wannan, da wane ido za mu fita a gari? Ta ce a Yamai za a nuna shi da wasu ƙasashe, ba a ƙauye ba. Na ce yau akwai abin da ba ya shiga waya? Ta ce gaskiya ne, ba za ta iya rantse mini ba. Shi ya sa take son mai maganar ta yanke da kanta. Na gyara zama zan tambayi Yaya kamar kullum, sai yarinyar ta ce, “A'a, Tanti, bari ita ta tambaye ta.” Ta rubuta wa telar a takarda.

Na zauna ina kallonsu. Da farko ba su gane juna sosai ba. Telar ta yi wata alama, Yaya ta karkata kai, ta sake wata, suka haɗu a ta uku. Ta nuna mata hannuwanta a ordinater, ta nuna ƙasan hoton, ta yi alamar rubutu, ta nuna mutane da yawa suna kallo, har da masu nuna ta da yatsa suna dariya. Ba ta rage mata komai ba. Yaya ta buga tebur da tafin hannu sau ɗaya: a rubuta. Sai ta tambaya, ai ƙanwata ta riga ta faɗa, me ya sa ake sake tambaya? Telar ta dubi yarinyar, ta dube ni. Ta nuna bakina, ta nuna hannun Yaya, ta raba yatsunta biyu nesa da juna.

Yaya ba ta yi fushi a nan ba. Ta dube ni kawai, ta ɗan taɓe baki, irin na ai na san halinki da tsoro. Da a nan abin ya tsaya da ta yafe mini kafin mu fita ƙofa. Ba wanda ya san zancen goro a ɗakin sai ni. Baffa ya rasu tuni.

Bayan azahar muka koma tasha. Motar garinmu saura mutum shida ta cika, direba ya ce yanzu-yanzu, mun kuwa san abin da yanzu-yanzunsu ke nufi. Muka zauna kan benci a inuwar wata rumfa, masu tallar ruwa da rake na ta wucewa. Na ce a raina in bari sai mun isa gida. Na kuma san in mun isa zan ce sai gobe. Na taɓa gwiwarta ta juyo. Na taɓa haɓa, na sauko da igiya. Na nuna goro cikin ganye, na nuna baffa, na nuna hannuna. Na shafa tafin hannu na nuna ta. Sai da na sake daga farko. Mutane na wucewa gabanmu, ba wanda ya san abin da ake faɗa.

Ta daɗe tana kallona. Sai ta tambaye ni abu ɗaya: yaushe kika tambaye ni? Na nuna kaskon tuya, na maimaita mata tambayar ranar nan kamar yadda na yi ta, gari mai nisa, ki bar ni. Na ga ta tuna. Ta tuna har riƙe mini hannu da ta yi, don ta dubi hannun nata. Na fara nuna mata jariri da kuka da rijiya mai ruftawa, dalilaina da na tara shekara goma sha biyar. Ta rufe idonta. Mai ji ko ya toshe kunne wata kalma za ta shige shi. Ita in ta rufe ido babu ta inda magana za ta bi. Na zauna da hannuwana a sama kamar mahaukaciya, sannan na sauke su. Ba ta buɗe ba har aka kira mu shiga mota. A cikin motar ta zauna bakin taga ta ba ni ƙeya har gida.

Na koma wajen malam na gaya masa duka, har da yadda na juya tambayar. Ya ce haƙƙin mutum ne, ba azumi ko sadaka ke ɗauke shi ba, sai mai shi ta yafe. Na roƙe ta sau uku a lokuta daban-daban. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Na sa maigidana ya binciki labarin mutumin a kasuwar Mayahi. Aka ce ya yi aure da daɗewa, ya tafi Aljeriya neman aiki, iyalinsa ma sun bi shi. A ranar na gaya mata, yadda aka faɗa mini, ban ƙara ban rage ba. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da matsar mai.

An rubuta maganarta a ƙasan fim ɗin. Yarinyar ta kira ta ce an nuna shi, wasu sun fita tun kafin rabi, wasu sun zauna har ƙarshe ba su tashi da wuri ba. Har yau bai iso wayoyin garinmu ba, ni kuwa duk wanda na gani ya duƙufa kan waya yana dariya sai gabana ya faɗi.

Yaya na nan a ɗakinta kusa da nawa. Muna cin tuwo kwano ɗaya, tana yi mini maganar gishiri da itace da kuɗin gyaɗa. Amma duk ranar kasuwar Tasawa takan tafi ita kaɗai, ta sayar da manta, ta yini a shagon telar, inda wasu kurame ke taruwa. Ta dawo da alamomin da ban sani ba, ba ta kuma koya mini. Watan jiya ciwon mara ya dame ta. Na ɗauko mayafi zan raka ta gidan likita, ta bari na bi ta har can. Da aka kira ta, ta fito da wata takarda da telar ta rubuta mata, ta nuna mini benci. Na zauna a waje tare da sauran masu rakiya. Ta daɗe a ciki. Da ta fito na tambaye ta me suka ce, ta nuna mini ƙwayoyin magani, ta ɗaure su a bakin zani, muka kamo hanya.